Takalmin da Aka Auna da Kara

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai ya bar mini abu guda, na san abin da zai bari. Wata ranar kasuwar Ɗan Issa ce, da takalmin gudu, da wata magana da ta fito daga bakin mahaifiyata wadda ban taɓa zaton kunnena zai ji ba. Wannan kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

Ni ɗan fari ne. Manya sun san abin da hakan yake nufi, amma yaran yanzu sai an yi musu bayani. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna shi a gaban mutane ta ce nata ne. Kunya ce, kuma a Madarumfa ta wancan zamani ba a wasa da ita. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, mahaifiyar babana, a nan cikin gida ɗaya. Idan Inna tana son in yi wani aiki sai ta juya wajen Kaka ta ce, "A ce ma ɗan tsohuwa shi ɗebo ruwa," alhali ina tsaye kusa da ita har inuwarmu tana haɗuwa. Ƙannena su hau cinyarta, su ja mata ɗankwali, ta zage su ta kuma rungume su, ni kuwa ko idonmu bai cika haɗuwa ba. Ban taɓa tunanin ba ta so na ba, don tsokar kifi mafi girma kullum a kwanona take faɗawa. Sai dai har na yi gemu ban san yadda muryarta take ba idan da ni take magana.

Kaka ce ta cike mini wannan giɓi, kuma ta cike shi har ya zuba. Tsohuwa ce mai baki, "maigidana" take kirana, ta ce ta yi asarar aure tunda mijin nata ba ya kawo cefane sai ci. Abin tsokanarta na kullum shi ne ƙafata. Wai faifai Allah ya ba ni a madadin ƙafa, in na taka ƙasa sai a shuka gyaɗa a wurin. Gaskiyarta ne kuma, ƙafata faffaɗa ce, yatsun a warwatse, don tun ina yaro ban san takalmi ba sai silifan zuwa masallaci.

A cikin shekarun casa'in ne, na gama kwaleji ina zaune gida, babanmu kuma ya rasu ya bar mu da ƴar gona wadda geronta ba ya kai mu wata damina. Abu ɗaya na iya wanda duk garin aka shaide ni da shi, wato gudu. Da sassafe nake fita bakin tabki ƙafa tsirara, in bi ta bayan garake, wato lambunan bakin ruwa, masunta suna ɗaga mini hannu daga cikin kwalekwale suna tambayar wa ya biyo ni. Gudun bai taɓa kawo ko ƙwayar hatsi gida ba, sai ranar da tsohon malaminmu na wasanni, wanda muke kira Mushe, wato malam da Faransancinmu, kamar kowane malamin lakwal, makarantar boko, ya jingine kekensa a ƙofar gidanmu. Ya ce za a ɗauki matasa aikin tsaron gandun daji, kuma gwajin farko gudu ne mai nisa a Maraɗi. Wanda ya zo baya an sallame shi tun bai ga takardar jarrabawa ba.

"Amma ka ji da kyau," in ji shi, "bisa kwalta da tsakuwa za a yi shi, ba rairayin tabki ba. Kuma ba su yarda da ƙahwa tsirara. Sai ka nemi basket."

Basket shi ne sunan da muke kiran takalmin gudu, ni kuwa ko a mafarki ban taɓa mallakarsa ba. Ga shekaruna sun kai bakin iyakar da aka sa, in wannan ɗauka ta wuce ni babu wata. Abin da ya rage shi ne in bi sa'o'ina ci-rani can Kudu, in bar Inna da yara da tsohuwa su yi ta sauraron saƙon da ko ya zo ko bai zo ba. A zaure muka yi maganar da Mushe, kuma na tabbata babu wanda ya ji, don daga cikin gida sautin daka kawai ake ji.

Bayan kwana biyu sai wani abin haushi ya fara faruwa. Duk safiya in na fito daga ɗaki sai in taka laka, wani ya zuba ruwa daidai bakin ƙofa. Na yi faɗa da ƙannena, suka rantse ba su ba ne. Na ce wa Kaka ta daina alwala a nan, ta ce in na ƙara ɗora mata laifi sai ta kai ni ƙara wurin alkali a raba auren. Daga baya zuba ruwan ya tsaya da kansa, ni ma na manta.

Wata la'asar na dawo daga gona, Kaka ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gadonta ta ajiye a gabana. "Wata ta ce a ba ka," in ji ta, tana kallon rufin ɗaki. Na kwance, sai ga basket sabo fil, fari tas da jan layi a gefe, yana ƙamshin kanti. Kaka ba ta iya riƙe magana, nan take ta fesa mini sauran. Inna ce take zuba ruwan nan. In na taka na wuce sai ta zo da karan gero ta auna sawuna daga dunduniya zuwa babban yatsa, har ta tabbata, ta yanke karan daidai. Ta kwashi adashinta, ta hau motar kasuwa zuwa Ɗan Issa da karan a ƙunshe cikin zani. Haka ake sayen takalmi a wajenmu, mai ƙafa yana gida, kara ne yake zuwa kasuwa. A wurin Inna kuwa babu ma wata hanya, don ba za ta iya tsayawa gabana ta tambaye ni lambar ƙafata ba.

Na fito tsakar gida da shi na zauna a kan turmi. Inna tana gindin murhu ta ba ni baya, tana ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Na tura ƙafar dama, ta shiga da ƙyar. Ta hagu sai da na ciji leɓe. Tsawon ya yi daidai cif, babu ko ɗan fili, don babban yatsana yana dungurar gaba, ga gefe da gefe ya matse ni har yatsun suka hau kan juna. Kara tsawo kawai ya auna, bai san da faɗi ba. Na miƙe tsaye, ƙasan takalmin da tauri kamar katako.

"To, maigida, ya yi?" in ji Kaka da ƙarfi, don mai bayan nan ta ji.

Na dubi bayan Inna. Hannunta ya tsaya cak a kan itacen. Wannan ne abu na farko da ta taɓa saya da sunana, ta yi dabara, ta yi tafiya, ta zaɓo wanda ya fi kowane kyau a idonta. Wane baki ne zai ce bai yi ba?

"Ya yi daidai," na ce. "Kamar don ni anka yi shi."

Na ga kafaɗunta sun sauka, ta ci gaba da hura wuta. A daren nan tuwona har da man shanu.

Washegari na fara gudu da shi, a nan na san na shiga uku. Kafin in kai ƙarshen garake dunduniyata ta saluɓe, ƙananan yatsuna sun yi ruwa. Na ce sabunta ce, zai saki. Bai saki ba, ni ne na fara saki. Farcen babban yatsa ya yi baƙi, gwiwata ta fara ciwo saboda yadda nake karkata ƙafa don in kauce wa zafi. Masunta suka daina tambayar wa ya biyo ni, suka koma tambayar ko ƙaya na taka. In na doso gida kuwa sai in daidaita tafiya, in shigo ina taku ɗai-ɗai, in cire shi a ɗaki in ɓoye ƙafar cikin bargo.

Mushe ne ya fara gano ni. Ya zo da agogonsa ya duba guduna a kan hanyar tsakuwa, ya girgiza kai, ya ce in zauna in cire. Da ya ga ƙafar sai ya yi salati. Ya ɗauki takalmin ya yi ƙoƙarin lanƙwasa shi, ya ƙi lanƙwasuwa.

"Wanga na zuwa biki ne," in ji shi. "Wa ya zaɓa maka?"

Na kau da kai ina kallon hanyar gida. Ya fahimta, don shi ma ɗan ƙasar ne, bai sake tambaya ba. Sai ya zauna kusa da ni a bakin hanya yana yi mini bayani. Ya ce ba a aiken takalmin gudu, da ƙafa ake zuwa, kuma da rana bayan an sha tafiya, don ƙafa tana kumbura, haka kuma za ta kumbura a tsakiyar gudu. Ya ce in sa safar da zan yi gudu da ita, in gwada duka biyun don ƙafafun mutum ba su cika zama ɗaya ba. Ya danna babban yatsan hannunsa a gaban takalmin ya nuna mini filin da ya kamata ya rage, ya ce yatsu su samu wurin motsi amma dunduniya ta zauna daram. Ƙasan ya yi taushi, ya lanƙwashe daidai inda ƙafa take lanƙwashewa. Lamba kuwa ya ce kada in kula ta, tunda ta Najeriya daban tamu daban, kuma duk a tuli ɗaya ake zuba su a Ɗan Issa.

"Kuma kada ka biya sai ka yi gudu da shi," ya ƙara. "Ka tahi ka canza wanga tun da sauran lokaci."

"Mushe, ba ni iyawa."

"To ka zaɓa," in ji shi, ya hau kekensa. "Da wanga takalmi ko rabin hanya ba ka kaiwa."

Maimakon in zaɓa sai na shiga dabaru. Na shafe shi da man gyaɗa na shanya a rana. Na tura masa taɓarya. Daga ƙarshe wani abokina ya ce in cika shi da wake in zuba ruwa, in waken ya kumbura zai buɗa shi. Na saci waken Kaka na ɗura, na ɓoye takalmin a bayan rumbu. Waken ya kumbura ya yi tsami, takalmin yana nan yadda yake, don roba ce ba fata ba. Kaji ne suka tona mini asiri. Kaka ta ga sun taru bayan rumbu suna faɗa, ta je ta tarar da zakara ya tura kai cikin basket ɗina har wuya.

Ta zo da takalmin a hannu tana dariya har da hawaye, wai ashe mijin nata ya buɗe gidan abinci. Sai ta fizge bargon da na rufe ƙafata da shi, dariyar ta tsaya. Ta daɗe tana kallo. Na roƙe ta da Allah kada ta faɗa, ta ce ita ba ta faɗa wa kowa. Ta fita tsakar gida, ta tsaya kusa da inda Inna take daka, ta fuskanci kaji ta ɗaga murya.

"Ku kaji, ku ji mini wauta! Yaro ya kashe ƙahwa tai don kunya. Takalmi ya matse shi, har jini, ya ce wai ya yi daidai don kada ran wata shi ɓaci. Ga gudu ya matso, ga ƙahwa ta lalace. Ni dai da ku nike, ban hwaɗa ma kowa ba."

Taɓarya ta tsaya. Ina cikin ɗaki, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tausayin Inna ya kama ni fiye da na kaina, don na san abin da ya tafi a kan takalmin nan, na kuma san daɗin da take ji in ta gan ni da shi. Can sai dakan ya ci gaba, a hankali.

Ranar kasuwar Ɗan Issa da hantsi na ji Inna tana ce wa Kaka, "A ce ma ɗan tsohuwa shi shirya shi riƙa mini kaya. Shi ɗauko safa." Tunda nake ban taɓa tafiya da ita mu biyu ba. A mota ta zauna can gaba cikin mata, ni ina baya a kan buhuna. Da muka sauka tana gaba ina biye, da tazara tsakaninmu, ta yi ta zagaya da ni rumfunan da ba ta sayen komai a cikinsu har rana ta take. Sai daga baya na gane Kaka ta tatsi bayanin Mushe daga bakina ta kai mata, wato ƙafata take jira ta kumbura.

Mai takalman wani mutumin tsallaken iyaka ne mai fara'a, shi kambas yake ce wa basket. Fara'ar ta ragu da ya shinshina abin da muka kawo.

"Baiwar Allah, kambas ɗin da aka sa ai ba ya dawowa. Wannan ma har miya aka yi a ciki." Ya dube ni ya dube ta. "Ɗanki ne?"

"Ɗan tsohuwarmu ne," in ji Inna, tana kallon gefe.

Na san Inna da kawaici, ban san tana da wani baki a ajiye ba. Ta tuna masa shi ne ya zura karan da hannunsa, shi ne ya ce in kara ya shiga ƙafa ta shiga. Ta ce in nuna masa yatsuna. Ta ce ita ba faɗa ta zo yi ba, amma ba ta barin rumfar sai da abin da yaron zai yi gudu da shi, ko da za a tashi kasuwa a kanta. Mutumin ya ga mata sun fara tsayawa suna saurare, ya ce to, sabo kam ba zai bayar ba, amma ga tulin gwanjo can, in zaɓi wanda na ga dama. Na ga fuskarta ta canza. Ita da ta so a ga ɗan tsohuwa da sabo, ga shi za a koma da wanda wani ya sa ya yar.

Na zauna a kan benci ina gwadawa. To, kunya ba a cire ta kamar hula. Duk wanda na sa, in mai takalma ya ce ya yi, sai in ce ya yi, don in gajarta mata tsayuwa. Na sa wani shuɗi da ke cije mini ɗan yatsa na ce ya yi. Na sa wani da dunduniyata ke fita na ce shi ma ya yi. Sai kawai na ga Inna ta ajiye kwandonta, ta durƙusa a gabana a cikin ƙurar kasuwa, ta kama ƙafata da hannu biyu. Ta danna babban yatsanta a gaban takalmin, ta matsa gefe da gefe, sannan ta ɗago ta dube ni cikin ido.

"Kai nike tambaya," ta ce. "Ka hwaɗa mini gaskiya. Ina yake maka ciwo?"

Kai. Ni ta ce wa kai. Da yatsa na nuna mata wurin. Ta cire shi ta jefa gefe ta jawo wani. Haka muka yi ta yi, tana sa mini, tana dannawa, tana lanƙwasa ƙasan kowane da hannu, ni kuma bakina ya buɗe ina cewa wannan ya matse, wannan ya yi nauyi, wannan hagun ce ba ta yarda ba. Can ƙasan tulin muka samo wani ruwan toka, mummuna, igiyoyinsa ma ba iri ɗaya ba, amma faffaɗan gaba ne, mara nauyi. Ina zura ƙafa na ji yatsuna sun baje, dunduniya ta zauna, har gyambon ya yi shiru. Na ce, "Inna, wanga ne." Ta ce saura gudu.

Mai takalma ya nuna wata bishiyar bedi, wato dogon yaro, a ƙarshen layin ya ce in je in dawo. Na tashi a hankali, sai na ji ƙasa tana karɓata da taushi, babu inda ke cizo. Bayan makonnin azaba, daɗin da na ji ya sa na manta inda nake. Na saki ƙafa, na wuce bedin ban ma gan ta ba. Abin da dukanmu uku ba mu yi tunani ba shi ne, saurayi da ya fito daga rumfar takalma a guje a tsakiyar kasuwar bakin iyaka suna ɗaya gare shi.

"Ɓarawo! Ɓarawo! Ku tare shi!"

Har waigawa na yi in ga ɓarawon. Kafin in gane da ni ake, wani ya sa mini ƙafa na faɗi cikin tallan albasa. Aka riƙe mini riga, mari ya sauka a kunnena, na ga wani ya taho da sanda. Ina cewa gwaji nake, wa zai saurare ni? Na san abin da ake yi wa ɓarawo a kasuwa, na kuma san in sandar nan ta sauka a gwiwata zancen Maraɗi ya ƙare. Sai na ji wata murya ta tsaga hayaniyar, murya mai ƙarfi da ban san ta ba.

"Ku sake shi! Ɗana ne! Wallahi ɗana ne, ni na haihe shi! Ɗan hwarina ne!"

Inna ce. Ta taho a guje, mayafinta ya faɗi a hanya, takalminta ɗaya ya fita, ta ratsa maza ta faɗa kaina ta tare sandar da hannunta. Tana haki tana maimaitawa, ɗana ne, ɗana ne, kamar tana biyan duk shekarun da ba ta faɗa ba. Mai takalma ya iso yana ɗaga hannu yana cewa shi ya sa ni, kasuwa ta koma dariya da ban haƙuri. Wanda ya mare ni har ya saya mini ruwan sanyi. Ni kuwa ina zaune cikin albasa ina kuka wiwi, ƙato da ni, mutane suna cewa marin ya shige shi. Ko zafin marin ban ji ba.

Wata mata ƴar unguwarmu da ta zo sayayya ta miƙo wa Inna mayafinta, ta riƙe baki tana cewa, "Yau na ga abin mamaki, ɗan hwari a bakin uwa tai, tsakiyar kasuwa!" Sai a lokacin Inna ta tuna da kanta. Ta ja mayafin ta rufe fuska har hanci, ta ɗauki kwandonta ta yi gaba. Har muka iso gida ba ta ƙara ko kallona ba. Labarin kuwa ya riga mu isa, don mun tarar da Kaka a bakin ƙofa tana tafa hannu, tana cewa a zo a raba ta da wadda ta ƙwace mata miji a bainar jama'a.

Sauran kwanakin Kaka ta ɗauki jinyar ƙafar. Ta kwaɓa lalle ta ƙunsa mini don gyambon ya bushe fatar ta yi ƙwari, na fito da jajayen ƙafafu kamar amarya. Na koma gudu kaɗan-kaɗan da mummunan takalmina har muka saba da juna. Mushe ya zo da agogonsa ya duba, murmushi kawai ya yi ya buga mini kafaɗa.

Ranar gwajin a Maraɗi, matasa sun cika fili, da yawa da sababbin basket masu ƙyalli, wasu na aro. Da na zauna sa safa aka ga lallen, aka yi ta yi mini dariya ana tambayar yaushe ne ɗaurin auren. Aka busa usur muka tashi. Tun kafin rabin hanya na fara wuce masu ɗingishi, wani ma ya zauna bakin kwalta ya cire nasa ya riƙe a hannu, na tausaya masa don na san abin da yake ji. Ni dai ban tuna da ƙafata ba ko sau ɗaya, numfashina kawai nake saurare. Ban zo na ɗaya ba, wani dogo daga wajen garin Sarkin Yamma ya yi mana nisa, amma ina cikin na gaba-gaba, aka rubuta sunana. Jarrabawar takarda ma Allah ya ba ni sa'a. Aikin nan shi na yi har na yi ritaya, da shi ƙannena suka yi karatu, kuma ban taɓa kwana nesa da gida don neman abinci ba sai in aiki ya kai ni.

Ranar da na dawo da labarin an ɗauke ni, gida ya cika. Kaka tana guɗa, maƙwabta suna tambayar yaushe za a ba ni kaki, ƙannena suna tambayar ko da bindiga. Inna tana can gefe tana tankaɗe, kamar ba a gidan ake yi ba. Sai da mutane suka ragu ta taso za ta shiga ɗaki, ta bi ta kusa da ni, ta ɗan tsaya ba tare da ta dube ni ba.

"Ƙahwar hwa?" ta ce a hankali.

"Lahiya lau, Inna. Ko ɗan ciwo babu."

"To, madalla." Ta shige ɗaki.

Har Allah ya karɓi ranta ba ta taɓa kiran sunana ba, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba. Na sayi takalma da yawa bayan wannan, nawa da na ƴaƴana, kuma ban taɓa yarda a saya wa wani yana gida ba. Mai ƙafa shi zai je, ya sa, ya taka, ya faɗi abin da ya ji, in ya ce mini ya yi tun bai miƙe tsaye ba sai in ce ya sake dubawa. Amma darasin da na ɗauka ya wuce takalmi. Mai ƙaunarka yana iya kuskure awo, musamman in daga nesa yake aunawa, kuma shirun da ka yi don kada ransa ya ɓaci ba ladabi ba ne, cutar ku biyu ce. Na kusa rasa aikin rayuwata don ina tsoron gaya wa mahaifiyata inda yake mini ciwo, ashe duk duniya babu wanda ya kai ta son ya sani.